Karan Gonar Tijjani

Duk wanda ya saba bin hanyar Illela bayan kaka ya san gonar Tijjani, domin ita ce ake bari da karanta a tsaye. Maƙwabta da sun gama yankan hatsi sai su kwashe kara su adana. Shi kuwa ko ɗaya ba ya taɓawa, ya ce na Almustafa ne.

Tijjani manomi ne ɗan manomi. Bai taɓa nisa da gida ba sai shekara biyu da ya yi yana dako a Konni, ya dawo ya ce hayaniya ta yi masa yawa. Tun suna samari Almustafa makiyayi yake saukowa daga arewa da shanunsa da raƙuma biyu, ya kafa bukka a gonar. Dabbobi su ci kara, su bar taki. Zalika matar Tijjani ta aika da fura, a mayar mata da ƙwaryar cike da nono. Da hantsi su biyu suna ƙarƙashin gawo, shayi na bisa garwashi, ana musu a kan wa ya fi shan wahala, manomi ko makiyayi. Shekara talatin da ɗoriya musun nan bai ƙare ba.

Shekarar korona Almustafa ya sauka da ɗan tari, suka sha shayi yadda suka saba. Cikin mako gidan Tijjani duka ya kama. Zalika ta yi mura ta warke, jikoki suka yi ta atishawa suna wasansu. Tijjani kuwa, mutumin da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba, shi ne numfashi ya gagara. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti a Tawa da robar iska a hanci. Da ya dawo gida ya tarar an tashi, sai toka a gurbin bukka. Kaka biyu suka wuce, karan ya tsaya har gara ta cinye shi. Almustafa bai zo ba, bai aiko ba.

Wata rana da ya koma a duba ƙirjinsa, ya tambayi likitar, wata matashiya mai suna Mubaraka.

"Ɗiyata, mu tara muka kama ciwon ga. Mi ya sa ni kaɗai na faɗi?"

Ta ce idan ƙwayar cuta ta shiga hanci, jiki yana da wani sinadari, interferon, da ke fara yin kururuwa don a tashi tsaro. Wasu mutane, galibi maza masu shekaru, jininsu na ɗauke da abin da ke kama sinadarin nan ya hana shi aiki, tun kafin cutar ta zo. "Ba mu da abin auna shi nan, baba, ba ni rantsewa. Amma zai yiwu haka ne. Da wani ya kawo ta, da ba shi ba, duk ranar da ta same ka sai ka ji jiki."

Ranar kasuwar Badagishiri Tijjani ya shiga mota neman Almustafa. Ya same shi can bayan masu tumaki, ya rame, gemu ya yi fari. Da Almustafa ya gan shi sai ya ja rawani ya rufe baki, ya ja da baya.

"Tsaya, tsoho! Ni kake gudu, ko aikin kafa bukka?"

"Tijjani, ni na kawo maka ciwon nan. Da wane ido zan kalli Zalika?"

"Zalikar da ta warke cikin kwana ukku? Ita ma ta ce in gaya maka furarta tana tsami don rashin mai sha."

Tijjani ya zaunar da shi, ya maimaita masa bayanin likita yadda ya iya, sunan sinadarin kuwa ya ɓace masa sarai. "Abin cikin jinina yake, kai dai tari ka yi. Kuma gonata ta gaji, bana zangarniya kamar yatsa."

 Almustafa ya sassauta rawanin kaɗan.

"Rijiyar gabas tana da ruwa bana?"

"Tana da shi. Sai dai ka taho da guga, nawa ya tsage."