Kar-a-goge Ya Ajiye Sukudireba

Ƙarfe takwas saura kwata yake buɗe shago, ya kaɗe ƙurar teburi, ya jera sukudirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna jiran masu shigowa da kwamfuta a rungume kamar jaririn da zazzaɓi ya kama. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe, don hannunsa ya fara rawa, kuma ya ce ba zai ɓata kayan mutane da sunan gyara ba.

A layin masu gyara, Kar-a-goge ake kiransa. In kwamfuta ta cije a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, maƙwabtansa magani ɗaya suka sani: a goge komai a sake zubin manhaja, minti arba'in an sallame ka. Shi kuwa sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Me ka yi mata jiya?" Amsar kowa ɗaya ce: "Wallahi ban yi komai ba." Sai ya ce, "To, ashe aljanu ne." Daga nan ya shiga cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yana kunnawa yana kashewa, har mai laifin ya fito. Wata rana filash na ajiyar bayanai ne aka manta a jiki, wata rana ƙura ce kawai.

Na ga aikinsa a kan kawuna, tsohon malamin gona. Shekara tara kawu ya yi yana rubuta littafi kan adana iri, da yatsa biyu, har idanunsa suka daina ganin allo. Mako guda kafin a kai wa maɗaba'a, kwamfutar ta sandare. Babu kwafi ko ɗaya a wani wuri, kuma mai rubutun ba shi da idon sakewa. Shago biyu suka ce sai gogewa.

Da muka kai wa Kar-a-goge, ya zare katin ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, ya murza bakinsa da magogin fensir, ya mayar. Shiru. Ya canza ƙaramin batirin ciki. Shiru. Sai ya kara kunnensa a jikinta, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Faifan ajiya ne ke wani ƙas-ƙas a hankali.

"Baba, faifan nan yana kan gargara," in ji shi. "Zan haɗa shi da wata kwamfuta. Wataƙila ya tashi sau ɗaya, ba na tsammanin na biyu. Me za mu fara ɗauka?"

"Akwai hotunan jikoki," in ji kawu.

"Jikokin suna nan da ransu, a sake ɗauka. Ina littafin yake?"

Babi goma sha ɗaya suka wuce zuwa ɗaya kwamfutar, muna ƙirgawa da baki. Na sha biyu, wanda shi ne na ƙarshe, ya tsaya a rabi, sannan ya ƙarasa. Ko minti biyar ba a ƙara ba faifan ya yi shiru, bai sake motsi ba har yau.

An buga littafin. Ni na tsara shafin godiya: na sa maɗaba'a, na sa dangi, har direban da ya kwaso kwalaye. Kar-a-goge na manta. Da na kai masa kwafi, ya buɗe shafin ya karanta har ƙasa, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Ya rufe ya ce, "Bugu ya yi kyau. Yanzu dai kun ajiye shi a wuri biyu ko?"

Kar-a-goge, kai ne mai haƙurin da ba a sa shi a shafin godiya. Kai ne ka san abin da ke cikin akwatin nan ba waya da ƙarfe ba ne kawai, shekarun mutum ne. Ƙin gaggawarka ya sa wasu sun ce maka mai nawa, ba ka taɓa tanka musu ba.

Mun gode, Allah ya ba hannun nan hutu da lafiya. Ku kuma da kuka rage a layin, kafin ku danna gogewa, ku ɗago ku dubi fuskar mai kayan, ku tambaye shi abin da ke ciki. Wannan rubutun shi ne shafin godiyar da na manta, yau na biya.