Tsumman Inna Furera

A Korgom kowa ya san Inna Furera mai maganin daji, kuma kowa ya haddace karatunta: ciwon daji ba ya son ƙarfe, da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Da tallar daddawa ta fara, da ta ga saiwa ta fi kalwa riba sai ta sake hanya. Ilimin dai ba ta gada ba, ba ta kuma koya ba, baki ne Allah ya ba ta.

Hujjarta a ƙirjinta take. Wata shekara kowa ya ji ƙullutu ya fito mata a nono, ta ɓace damina guda, ta dawo a rame, ba gashi a kanta, ta ce jiƙo ne mai ƙarfi ta sha a dajin gabas. Tun daga nan in mace ta yi gardama sai ta bugi ƙirji ta ce a duba, ga su nan biyu cif.

Hussaina, mai wankan gawar mata a unguwar, tana cikin waɗanda suka duba suka yarda. Da 'yarta Raihana ta ji ƙullutu, likitan Tasawa ya ce maza a wuce da ita Maraɗi. Hussaina ta biya ta wajen Furera neman shawara, an kai wa kura ajiyar nama ke nan.

"Ki kai ɗiyarki su yanke mata nono, wa za shi zamna da ita?" in ji Furera. "Bar min ita."

Aka bar mata. Aka sha jiƙo, aka shafa, aka turara, nono ya fashe, Furera ta ce dafin ne ke fita. Raihana ta rasu ana yankan gero, ta bar goyo. Furera ta zo gaisuwa, har ta fi kowa kuka.

Da nata wa'adin ya cika, tsufa ne ya ɗauke ta, salin-alin. Aka kira Hussaina. Tana kwance ɗaurin ƙirjin mamaciyar sai dunƙulen tsumma ya faɗo. Hagun babu komai sai tabon ɗinki, shimfiɗe tsaf, aikin likita. Hussaina ta ɗauki tsumman ta ajiye gefe.

Abin da mai wanka ta gani amana ne, ba a faɗa. Ta yi wankan yadda addini ya ce, ba ta rage komai ba. Sannan ta fito tsakar gida, inda Zulaihatu, 'yar Furera mai jiran gadon sana'ar, ke zaune cikin mata masu zaman makoki. Ta ajiye mata tsumman a cinya, har yanzu da siffar abin da ya daɗe yana tsaya wa.

"Ga na hagun," ta ce. "Ki haɗa da kayan gado."