Leɓen Mai Begila a Ɗakin Ba da Jini

A makarantar sakandaren da nake koyarwa a Kuje, ni ke riƙe da 'yan badujala, kuma ni ke busa begila duk ranar da za a yi fareti. Daf da ƙofar makarantar akwai wani Alhaji Bakatsine mai shagon kayan masarufi, wanda a bencinsa nake shan iska idan an tashi. Wata Talata na tarar da shi zaune ya haɗa tagumi. Ya ce Hajiyarsa na kwance a wani asibiti a cikin gari, dasashinta na zubar da jini, jikinta duk ya yi tabo-tabo. Likitoci sun ce ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini ne suka yi mata ƙaranci, ana neman mai bayarwa.

"Ba jinin gaba ɗaya suke so ba, Malam," in ji shi. "Wai inji ne zai tace abin da ake buƙata, ya mayar wa mutum sauran."

Ina tausayin Hajiya ƙwarai, amma gaskiya maganar injin nan ita ta fara kama ni. Jini ya fita daga jikin mutum, a zaɓi wani abu a ciki, a dawo masa da ragowar? Nan take na ce a gwada nawa. Washegari aka ɗiba, aka ce ya dace, in dawo ran Alhamis bayan na karya kumallo da kyau.

Alhaji ne ya ɗauke ni a motarsa. Tun daga Kuje har muka hau titin filin jirgi ina jera masa tambayoyin da shi ma bai san amsarsu ba. Daga baya ya ce, "Malam, ka bari mu isa ka tambaye su."

Nas ɗin da ta karɓe ni babbar mace ce mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. "Oga, ki kwanta nan, ki miƙe hannu," ta ce. Na kishingiɗa a kujera mai taushi, ta soka allura a gwiwar hannuna, ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Injin yana gefena, tsayinsa kamar ƙaramin firji, an nannaɗe shi da siraran bututai. Ya fara gunji a hankali. Na ga jinina ya bi bututu ya shige, can sai wani ruwa rawaya-rawaya ya soma taruwa a wata leda da ke rataye.

"Wannan daga jikina ya fito?" na tambaya.

"Naki ne. Shi za a ba Hajiya."

Daɗi ya rufe ni. Na roƙi Alhaji ya matso ya gani, ya leƙa sau ɗaya ya kau da kai, ya koma kan carbinsa.

Ana cikin haka injin ya sauya murya, ya fara mayar mini da jinin. Wani sanyi ya bi hannuna ya hau kafaɗa. Sai leɓɓana suka soma zir-zir, daidai yadda suke yi idan na daɗe ina busa begila. Da farko abin dariya ya ba ni. Amma ya bazu zuwa kan hancina da yatsuna, kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata, bakina kuma ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Nan na tuna da cewa ran Asabar akwai faretin wasannin makaranta, kuma da leɓen nan zan buɗe shi. Gabana ya faɗi.

Na kira nas, na gaya mata. Ko gezau ba ta yi ba. Ta danna maɓalli, gunjin injin ya ragu, ta lulluɓa mini bargo, ta miƙo mini ƙwayoyi farare ta ce in tauna. Ɗanɗanonsu kamar allin da nake rubutu da shi a aji.

"Mene ne ke faruwa da bakina?" na ce.

Ta nuna mini wata leda mai ruwa garai-garai da ke ɗiga cikin bututun. Ta ce sunan ruwan sitiret, ana gauraya shi da jinin don kada ya daskare a cikin inji. Yana yin aikinsa ne ta hanyar kama kalsiyam ɗin da ke cikin jini, wato sinadarin nan na madara da ƙashi. Idan jinin ya dawo jiki, yakan taho da ɗan sitiret, sai kalsiyam ya ɗan ragu, jijiyoyi su fara tsuma. Ƙwayoyin da na tauna kalsiyam ne, kuma hanta za ta narkar da sitiret ɗin ba da jimawa ba.

"Kin yi daidai da kin faɗa da wuri," ta ce. "Wasu maza sai su yi shiru, wai jarumta, har yatsunsu su ƙage."

"Ran Asabar zan busa begila. Leɓen zai dawo?"

Ta yi dariya har ta dafa injin. "Kafin ki kai Kuje ya dawo."

Alhaji da ya ji mun ambaci baki ya taso a firgice, yana cewa a cire mini allurar, ba zai so a warkar da matarsa a nakasa ni ba. Na ce masa ya zauna, ai yanzu ne abin ya fara yi mini daɗi. Kuma da gaske nake. Da tsoron ya tafi, sai na koma sauraron jikina: idan injin na ja, zir-zir ɗin ya lafa, idan yana mayarwa ya ɗan taso. Na iya gane abin da injin ke yi ido rufe, ina faɗa wa nas tana duba allon tana cewa haka ne.

An fi awa guda kafin ledar ta cika. Ta bar ni na taɓa ta kafin a tafi da ita. Da ɗuminta. Aka ba ni madara mai sanyi, aka ce in huta, kada in ɗauki kaya mai nauyi ranar, idan kuma zan sake zuwa in sha nono ko yogot tun daga gida.

Zancen nas ya tabbata. Muna cikin cunkoson Lugbe na lura bakina ya koma daidai, na yi ta fito a motar har Alhaji ya yi murmushi karo na farko a makon. Ran Asabar na busa begilata lafiya lau.

Hajiya ta ƙara kwanaki a asibiti, an kuma ƙara mata ƙwayoyin jinin wasu mutane biyu, ƙanin Alhaji da wani direban tasi ɗan unguwarsu, kafin jinin ya tsaya. Bayan an sallame ta na je dubiya. Na same ta zaune a tabarma, ta rame, amma tana ta faɗa da 'yarta kan an cika gishiri a miya. Ta tambaye ni iyali, ta sa mini albarka, sannan ta ce ba zan tashi ba sai na ci tuwo, ko da miyar ta yi gishiri.