Kamu Biyun da Ya Ƙi Kunnawa

Ƙarfe shida da rabi na safe, tun ba a buɗe tagar karɓar kati ba, Mai Madubi ya riga ya kai saman asibitinmu. Hawa biyar ne, kuma da ƙafa yake hawansu, wai lif na marasa lafiya ne. In ya isa sai ya tsaya ya mai da numfashi, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya buɗe wani ƙaramin akwati da ke manne da bangon tankin ruwa, ya duba ko koriyar fitilarsa tana ci. Daga nan ya bi siririyar wayar da ta zagaye bakin rufi da leɓen tagogi, yana shafa ta da yatsa kamar tela mai duba ɗinki. A hannunsa na hagu akwai wata doguwar sanda da ya ɗaure wa madubin babur a ka. Wannan sanda ce ta cinye masa sunansa na yanka. Mu da muka shekara muna wuce shi a matattakala, da za a ce mu faɗi sunan da ke kan katinsa, sai mun leƙa ofis.

A matsayin mai gyaran lantarki aka ɗauke shi, shekara ashirin da uku ke nan. Waɗanda suka riski lokacin sun san yadda tattabaru suka mai da ginin nan gidan gadonsu. Kashinsu ya toshe indararo, ya yi ɓawo a bayan na'urorin sanyaya ɗaki, in ya bushe iska ta kwaso ƙurarsa ta shigo da ita ɗakin masu ciwon ƙirji, mutanen da ko ba ƙura ma da ƙyar suke numfashi. An kafa ƙusoshi, tsuntsayen suka yi sheƙa a tsakaninsu. An shafa danƙo, ya riƙa kama ƙananan tsuntsayen da ba ruwansu. Daga ƙarshe aka kira mai guba, kuma Mai Madubi aka sa ya kwashe gawarwakin, buhu biyu, wasu da sauran shure-shurensu. Matarsa ta ce ranar ko kallon abinci bai yi ba.

Shi ya yi ta safa da marwa a ofis har aka gaji da ganinsa aka sayo wannan na'ura. Akwatin nan yana tura maganaɗisu ta cikin wayar. Mutum ko ya dafa ba ya jin komai, tsuntsu kuwa da ya matso sai wurin ya ƙi masa daɗi, ya karkata ya nemi wani masauki. Ba jini, ba gawa. Wata nas ta taɓa tare shi ta ce, "Baba, wai jan su wutar take yi?"

Ya ce, "Ina fa. Kin san irin gidan da za ki shiga, ba a kore ki ba, ba a zage ki ba, amma kin ƙosa ki tashi? To shi ke nan."

Ta ce ta san gidan sarai, na ƙanwar mijinta ne.

Madubin yana da tarihi, kuma ba mai daɗi ba ne. A makon da aka kafa na'urar, ɗoki ya sa ya kunna ginin gaba ɗaya a rana guda. Kwana uku yana ganin wata tattabara tana shawagi a kusurwa ɗaya, ta taho kamar za ta sauka, ta fasa, ta sake dawowa. Da ya zura kai bayan na'urar sanyaya ɗakin wurin, sai ga sheƙa da 'ya'ya biyu sun sandare. Bai cika son wannan zance ba, amma in ya taso yakan ce, "Ban taɓa su da hannuna ba. Uwarsu na hana sauka." Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka. Ba ya jona ko taƙi ɗaya na waya sai ya zura madubi kowane lungu. In ya ga ƙwai ko 'ya'ya, wannan ɗan wurin zai bar shi a kashe har su yi fuka-fuki su tashi. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya sani.

Bara aka yi wa hawa na huɗu fenti, aka cire wayar wajen har wata biyu. Ranar da ya zo mai da ita, madubi ya nuna masa abin da yake gudu: sheƙa a ƙarƙashin tagar ɗakin masu ciwon ƙirji, da 'ya'ya biyu jajur, ƙyanƙyasar jiya. Ga shi masu duba tsafta suna tafe ƙarshen wata. Ya sauko ya sami Manaja, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, wata guda nake roƙo. Kamu biyu na wayar ne kawai zan bari a kashe."

"Baba, nan fa asibiti ne. Ka ɗauke sheƙar ka kai wani wuri mana."

"In na ɗauke, iyayen ba za su bi ta ba."

"To ka kunna. Kada mu sake wannan maganar."

A yi wa Manaja adalci, marasa lafiya yake ji, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Mai Madubi ya ce to, ya fita. Ya jona ko'ina, ya bar kamu biyun nan. Wannan taurin kai ne, ba mu ɓoye ba. Amma ga abin da ya biyo baya. Ya toshe duk wata kafa ta tagar da roba. Ya ƙara rabin awa a kan sammakonsa. Kullum sai ya zo da bokiti da buroshi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sa takunkumi, ya rataya da igiya daga hawa na biyar, dattijo mai shekara sittin da gwiwa mai ciwo, ya wanke leɓen tagar nan tas kafin marasa lafiya su karya. Mutum ɗaya ce ta gan shi, Inna mai shara, ita ma ya roƙe ta ta yi shiru, don ya san in zancen ya bazu wani mai karambani zai sa tsintsiya ya ture sheƙar.

Mu kuwa abin da muka gani tattabaru biyu ne suna sauka a tagar da ta shekara goma ba tsuntsu. Nan take muka zama masana. Wannan ya ce na'urar ta mutu, wancan ya ce ai tsohon ne ido ya tafi, wata ta ce dama hawa yake yi ya sha iska. Ba wanda ya tare shi a matattakala ya ce, Baba, me ya faru? Tambayar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Maimakon haka muka rubuta takardar koke. Mutum goma sha bakwai suka sa hannu, kuma hannu na uku na mai wannan rubutu ne.

A kwana na goma sha tara aka kira shi ofis. Saura wata huɗu ya yi ritaya, aka ce ya tafi ya huta tun yanzu. Ba taro, ba jawabi, ba ko hoto. Ya ajiye makullin akwati a kan tebur, ya yi godiya. A matattakala ya ci karo da Inna mai shara, abin da ya iya ce mata kawai shi ne, "Saura kwana goma sha ɗaya."

Washegari aka kawo wani mai gyara daga waje. Ya ga waya a sake, ya jona ta cikin minti biyar, ya tafi. Ba laifinsa ba ne, aikin da aka kira shi ya yi ke nan. Inna tana hutun kwana biyu. Da ta dawo ta tarar da iyayen suna shawagi, su taho su fasa. Ta ɓare robar, ta buɗe tagar, ta miƙa hannu har kafaɗa ta jawo 'ya'yan ta sa a kwali. A ɗakin ajiye tsintsiya ta ɓoye su, tana jiƙa tsaba tana ɗura musu da yatsa.

Masu duba tsafta suka zo suka tafi, ba su sami abin cewa ba. Muka yi ta yabon kanmu. Sai wata rana a ɗakin hutu wani ya ce, cikin raha, ai tun da aka sallami tsohon nan tattabaru suka shiga taitayinsu. Inna tana goge ƙasa. Ta jingine sandar gugarta ta miƙe.

"Ku da kuke da ido, a kwanakin nan goma sha tara, wa ya taɓa ganin ɗigon kashi ɗaya a tagar nan?"

Ba wanda ya gani.

"To wa kuke zato yake wankewa? Tattabarun?"

Ta ba mu labarin daga farko har ƙarshe, ba ta rage mana komai ba. Kunya ta kama mu, irin wadda mutum ba ya iya kallon na kusa da shi.

Mu biyar muka je gidansa ranar Asabar da hantsi, Inna a gaba. Muka same shi a bakin ƙofar ɗaki ya kwance wa matarsa dutsen guga yana gyarawa. Matar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Har yau fa ƙarfe biyar da rabi yake shiri. Sai ya sa takalmi sannan ya tuna." Ya ce ta cika surutu. Muka fara ba da haƙuri, bai bari mun kai ƙarshe ba. Ya ce shi ma da nasa laifin, da ya yarda da mu ya gaya mana, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Bai tambayi wanda ya rubuta takardar ba, bai tambayi wanda ya sa hannu ba. Ya juya wajen Inna.

"Sun tashi?"

"Ɗaya ya tashi, Baba. Ɗayan bai rayu ba."

Ya ajiye sukudirebar da ke hannunsa. Ya ce, a hankali, "Kwana goma sha ɗaya ne fa kawai."

Baba Mai Madubi, kai ne ka raba mu da buhun gawa, ka raba marasa lafiyarmu da ƙurar da ke shaƙe su, ba tare da ka zubar da jinin ko ɗan tsako ba. Kai ne ka riƙe haƙƙin mai tari da haƙƙin mai fiffike a hannu ɗaya, kana rataye a igiya, ba ka saki ko ɗaya ba. Mu muka sa ka saki. Mai leƙawa kafin ya kunna, mun gode, kuma mun san godiyar ta makara. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Sandarka tana nan a bayan tankin ruwa inda ka jingine ta. Mun roƙi sabon mai gyara ya riƙa ɗaukarta, ya kuma yarda. Ga sauranmu, da duk mai karanta wannan, ko makunni ne a gabanka ko biro, ka yi koyi da dattijon nan, ka leƙa tukuna. Mu ba mu leƙa ba, shi ya sa da ya tambaye mu 'ya'yan tattabara biyu, labarin tashin ɗaya muka iya kawo masa.