Ranar da Wuta ta Ci Rumfar Furera

Furera ba ta taɓa buɗe shago ba. A gidanta take ɗinki, can wani ƙauye gabas da Mayahi, ƙarƙashin rumfar kara, da keken ƙafa da mijinta Amani ya sayo mata a kasuwar Tasawa. Rigunan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, kayan Salla, bankin wandon noma, duk wurinta ake kawowa. Shekarar da fari ya ƙone hatsi tun bai fid da kai ba, Amani ya tafi cin rani, keken nan ne ya riƙe mata tukunya.

Damina ta gaba ta yi kyau, ciyawa ta kai ƙugu, ta bushe ƙarau. Wata rana da azahar, Furera na wurin suna a ƙauyen maƙwabta, wuta ta taso daga daji iska na korarta. Maza suka fita da ɗanyen reshe da jiƙaƙƙun buhuna suna bugu. Ko da Furera ta iso a guje, danga da rumfa sun zama toka. Ta tsaya tana kallo.

Sai aka nuna mata bakin rijiya. Lalla ce zaune, matar wani makiyayi da suka sauka bayan gari, da kan keken a cinyarta. Ita ta kutsa cikin hayaƙi ta cicciɓo shi. Gefen zanenta ya ƙone, hannunta ya yi bororo.

"Yaya, teburin ya fi ƙarfina," in ji Lalla. "Wannan kaɗai na iya ɗaukowa."

Furera ta durƙusa ta riƙe hannun nan.

Ƙafafun ƙarfen teburin ba su lalace ba, kafinta ya ɗora musu sabon katako, maƙwabta suka taru suka kafa wata rumfar. Furera ta so ta yi wa Lalla ɗinki na godiya, amma Lalla ta ce ita koyo take so. Kafin su tashi da bisashensu, Lalla ta iya yanka rigar yara da kanta.

Yanzu da kaka ta yi, Furera kan rufe keke ta ɗauki hauya, ta bi mutanen gari su share ciyawa kewaye da gidaje. In ta idar da salla kuwa, ba ta tashi sai ta sa Lalla a addu'a, duk inda kiwo ya kai su.