Zumreta, Wadda Ta Kasa Koyon Lauje

"To mu yi ciniki, Baba Ragib," in ji Zumreta, ta ajiye jakarta a bakin gadonsa. "Ba zan ƙara ce maka ɗaga hannu, sauke hannu ba. Kai kuma ka koya mini yankan ciyawa."

Ragib ya juyo da kyar. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye cikin hunturu, ya mai da fuskarsa bango, ko gahawa ba ya tambaya.

"Ke? Da waɗannan hannuwan naki kamar ƙullin burodi? Kuma kin raba ni da wannan rawar 'yan matan?"

"Na raba ka."

"An gama. Gobe kar ki zo mini da takalmin asibiti."

Zumreta ita ce mai gashin ƙashi a ƙaramin asibitin da ke gindin dutsenmu, nan Bosniya. Kullum motar farko take hawowa, ta bi gida-gida, ta lanƙwasa gwiwar wannan, ta zauna da wancan har numfashinsa ya daidaita. Wannan watan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ta san abin da ke cin Ragib. Ɗansa Nedim ya bugo daga Jamus ya yanke magana: in lokacin yankan ciyawa ya zo tsoho bai iya shiga filinsa ba, za a sayar da fili da saniya, a kai shi can ya zauna a saman bene. Mutumin da duk ƙauyen nan ba wanda ya kai shi riƙon dogon lauje!

Suka fara a tsakar gida, hannu wofi. Ta yi wani sara kamar mai korar kaji.

"Ba haka ba! Daga ƙugu ake juyawa. Ki ja numfashi in kin kai baya, ki saki in kin kawo."

"Ban gane ba, Baba. Nuna mini. A hankali fa."

Haushi ya tashe shi tsaye, ya dafa shinge, ya juya ƙugu, mataccen hannun yana lilo.

"Wallahi saniyata ta fi ki kai."

"Ai ita ka fi ba ta lokaci. Sake nuna mini."

Haka aka yi ta yi har ƙanƙara ta narke, ciyawa ta kai gwiwa. Daga hannu wofi aka koma sandar tsintsiya, daga nan lauje. Maƙwabta suka riƙa jingina da shinge suna yi mata dariya. Ragib ya fara aske gemu saboda 'yan kallo, yana ƙwala wa matarsa kira ta kawo gahawa da gurasar cuku.

Ni na sha yawo a duniya, ba a cika yi mini wayo ba, amma nan an yi mini. Wata Asabar na tsallaka bayan dutse neman tumaki, sai na hango mace a gaban layin maza, lauje yana waƙa a hannunta, ciyawa tana kwanciya kamar an taje ta. Na matsa. Ita ce.

"Ubana ya koya mini tun ban kai tsawon ƙotar ba," ta ce, tana share zufa. "In ka faɗa masa, Kawu, ka tuna gwiwarka tana hannuna."

Na kama bakina. Yanzu ma da nake rubuta wannan, don na san Ragib ba ya karanta jarida ne.

Ranar da Nedim ya iso da mai saye, a cikin fili suka tarar da tsoho. Yana jan ƙafa, yana tsayawa ya huta, layin ma ya karkace. Amma ciyawa tana faɗuwa.

"Baba..."

"Matsa, kana taka mini abincin saniya."

Ke ce kika gane, Zumreta, cewa mutum irin wannan ba zai ɗaga hannu don kansa ba, amma zai ɗaga don ya gyara wa wani kuskure. Ke ce kika sa tsofaffin mata murza ƙullin da babu shi, har kafaɗunsu suka saki. Mai haƙuri, mai tafiya da takun mara lafiya. Mun gode, Allah Ya saka miki. Ku kuma yaran da za ku gaje ta, kafin ku ce wa mutum yi kaza, ku fara tambayarsa abin da ya iya.

A wajen bankwana da Zumreta, Ragib ya miƙe da kofinsa a hannun da a da ya mutu. Ya ce yarinyar kirki ce, sai dai kanta ba ya ɗaukar karatu. Ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne.

Ga yadda cinikin ya tashi: mai saye ya koma hannu wofi. Ragib ya tsira da hannunsa, da filinsa, da saniyarsa, kuma har gobe yana alfaharin bai taɓa yin motsa jikin asibiti ba. Zumreta kaɗai ta yi asara, don a wannan ɓangaren dutsen, in yaro ya cika daƙiƙanci, da sunanta ake yi masa gori.