Ɗorin da Baba Ya Yi wa Kaguwa

Babanmu maɗori ne, gadon gidanmu ke nan a Aliero. Ina yarinya zaurenmu ba ya rabuwa da masu karaya: wanda ya faɗo daga babur, wanda sa ya take, wanda buhun albasa ya danne. Sai tsufa ya kama shi ta hannu. Na dama ya fara rawa, ko kofin shayi ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube. Babu wanda ya ce masa ya daina ɗori. Mutane dai suka riƙa wucewa gidan gaba, na wani maɗorin, da majinyatansu, suna ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa. Wallahi gara zagi da irin wannan gaisuwa.

Ina aure a Maiyama, amma tun rasuwar innarmu nakan zo in duba shi. Wani zuwa na tarar da baho a tsakar gida, da yashi da ruwa da fasasshiyar tukunya a ciki. Na leƙa. Kaguwa! Wai yayana ne ya je ban ruwan albasa a fadamar Dangamaji, ya same ta maƙale a bakin tiyo, ya kawo don yara su gani, Baba ya ce a bar masa.

Na ce, "Haba Baba, mutane na kiwon tumaki, kai kana kiwon abin da ko layya ba a yi da shi?"

"Ke dai bar ni," in ji shi. "Ita wagga ba ta damu da hannuna na rawa ba."

Ban ƙara tsokanarsa ba. Kan kifi yake ba ta da ɓarɓashin tuwo. In ya ƙwanƙwasa bahon sai ta fito a karkace, hannuwa sama kamar mai neman faɗa. Ranar da ta datse masa yatsa har jini, dariya ya yi ta yi. Rabona da jin dariyarsa tun innarmu na da rai.

Da na sake zuwa, kaguwa ta canza. Ta bar ci. Sai tonon yashi take, ta binne kanta, ta fito, ta kife, ta yi ta goga jiki da bakin tukunya. Launinta ya dushe. A wajen gogar nan ƙafa ɗaya ta cire ɗungurungum. Bayan haka ɓawon bayanta ya tsage daga ƙarshe, tsaga siririya.

Na ce mu mai da ita gulbi, can ta fi sanin kanta. Baba ya harare ni.

"Tun kakana ba a taɓa korar mai karaya daga gidan ga ba."

Ya sa na ɗauko masa jakarsa da ta daɗe a rataye. Ya fere karan dawa sirara kamar tsinken sakace, ya shafa man kaɗanya a tsagar, ya yi tofi. Na miƙa hannu in riƙe masa, ya buge. Shi kaɗai ya yi, da hannun nan mai rawa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Kuma ɗorin ya yi kyau, ni shaida ce. Kara ya zauna daidai, zare ya zagaye ɓawon tsaf, tsaga ta haɗe. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ranar ya sa hular Juma'a ya koma zaure ya zauna, duk wanda ya wuce sai ya kira shi su gaisa.

Ita kuwa kaguwa ta yi ta kumbura tana turo zaren. Baba ya ce zafin ɗori ne, kowane majinyaci haka yake yi, ya ƙara ɗaurewa.

Washegari ya ƙwanƙwasa baho, shiru. Ya ɗauko ta, ƙafafu sun saki. Ya warware zaren, sai ɓawon ya ɗago kamar murfin tukunya. A ƙarƙashi ga wani ɓawon sabo ful, mai laushi, babu ko ƙwarzane. Inda ƙafa ta cire kuma, ga wata 'yar ƙarama a naɗe, tana jiran fita.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Saɓa za ta yi, irin ta maciji. Ba karaya ba ce. Ƙofa ta buɗe ma kanta, ni na ɗaure."

Na ce ai dabba ce, kuma wa ya sani? Bai ko dube ni ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina jin haushin yayana da ya kawo ta, da gulbin, da kowa.

Ban koma Maiyama ba sai ga wata mata daga Mungaɗi da ɗiyarta, hannun yarinyar a karye. Ba ta tsaya a gidan gaba ba, ta ce Baba take nema, shi ya ɗora mahaifinta. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan. Na ruga ciki da murna na gaya masa.

Ya tura hannuwansa cikin riga.

"Ce mata ta tahi gidan gaba. Da can hannuna kaɗai nike zargi, ɗiyata. Yanzu ko idona ban yarda da shi ba. Karan da ya rage a jaka, ki hura wuta da shi."